Asibitin Jikwoyi da Hanyar Ruwa

Karu, Abuja
4 ga Maris, 2024

Zuwa ga Kawu Nuraddeen,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, ina gaida Inna Rekiya da duk mutanen gida. Yaya ƙafar taka? Mama ta gaya mini daga Kaduna cewa ka ajiye sanda, amma kunnen yana nan yadda yake. Shi ya sa na ɗauki biro. Ran da na kira ka, ni ina magana kan gini, kai kana ba ni amsa kan masara. Zan ba Nazeer direba wannan takarda a tashar Jabi, ya ce duk Laraba yana Funtuwa.

Ni lafiyata ƙalau. Wata takwas ke nan ina wannan ofis na zanen gine-gine a Wuse, kuma in gaya maka gaskiya, banɗaki da matakala kawai ake ba ni in zana. Sai watan jiya Oga Godfrey, mai ofishin, ya kira ni ya ce ƙungiyar ci gaban wata unguwa a bayan Jikwoyi tana son ƙaramin asibitin haihuwa, ɗaki biyar da baranda, ni zan zana. Aikina na farko ke nan daga fandisho har rufi.

Na zana shi yadda nake buri tun ina makaranta. Tagogi suna kallon juna don iska ta ratsa, rufin yana da tsawo da dogon baki don ya yi wa bango inuwa, tunda wuta ba ta zama a can. Ƙungiya ta zaɓi bakin hanya, inda filin ya kwanta.

Ranar Asabar na je duba turakun da safiyo, mai awon fili, ya kafa. Ina tsaye da fulan ɗin ginin a hannu sai wata dattijuwa 'yar Gbagyi, Mama Magdalene, mai gonar doya a gefen filin, ta ajiye fartanya ta zo. Hausarta irin ta nan ce. Ta ce, "Yarinya, kai ne za ka yi gini a nan?"

Na ce, "Ni ce, Mama."

Ta ce, "Wannan wuri na ruwa ne. Watan takwas yana kai ni nan." Ta nuna gwiwarta.

Na ce mata takardar safiyo ba ta nuna rafi ba. Ba ta yi musu ba, hannuna kawai ta kama ta kai ni gindin wani ɓaure. Kawu, ledoji da tsummoki ne maƙale a saiwoyinsa, duk sun kwanta gefe ɗaya. Tsakuwar wurin sumul take kamar ta bakin kogi. Kuma nan kaɗai gwaza ya fito a duk filin. A Janairu aka yi awon, lokacin da ko'ina ya bushe.

Da na gaya wa Oga ranar Litinin, bai ko ɗago kai daga kwamfuta ba. Ya ce, "Kauthar, da takarda muke aiki, ba da hira ba."

Akwai tudu a bayan filin, taku arba'in daga hanya. Ina ganin can ya kamata ginin ya koma. Amma ni ce ƙarama a ofis, ko lasisi ban samu ba tukuna. Kai ka shekara talatin kana fomen a ma'aikatar ayyuka, kai ne kuma ka fara riƙa mini tef ɗin awo ina 'yar shekara tara. Me zan yi?

'Yarka,
Kauthar

Karu, Abuja
2 ga Afrilu, 2024

Kawu,

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa. Ina fata azumi yana zuwa muku da sauƙi, kuma Inna tana tuna maka maganinka da sahur. Wata guda ke nan ban ji daga gare ka ba. Sau biyu ina zuwa Jabi, ana ce mini motar Nazeer tana gareji. Na tambayi Mama ko lafiya kake, ta ce ƙalau. To ban san ko takardata ta iso ba, ko kuwa ta iso ka ga ba ta cancanci amsa ba.

Na yi abin da ban sani ba ko daidai ne. Ranar Alhamis shugabannin ƙungiyar suka zo ofis ganin zane. Oga ya yi bayani, suka yaba, shugaban ya ce a bakin hanya yake so don duk mai wucewa ya ga allon asibitin. Har sun fara tashi sai na ji bakina ya buɗe. Na ce, "Ranka ya daɗe, wurin hanyar ruwa ne." Na fito da hotunan saiwoyin ɓauren a wayata.

Shugaban ya kalli Oga ya ce, "Wace ce wannan?"

Oga ya ce, "Sabuwa ce."

Da suka tafi bai yi mini faɗa ba. Da ma ya yi, da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Kin kunyata ni a gaban baƙi." Tun ranar bai sake yi mini magana ba, saƙonsa ta hannun wasu yake zuwa. Na san ban kyauta ba da na yi a gaban mutane. Amma matan da za su haihu a ɗakin nan nake ta gani, Kawu, ga ruwa yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa.

Akwai injiniya a ofishinmu, Madam Christina, ita ke lissafin rodi da kankare. Na roƙe ta ta raka ni filin bayan Sallah mu haƙa rami mu ga ƙasar. Ta ce za ta duba.

Don Allah ka rubuto ko da layi biyu ne.

Kauthar

Funtuwa
10 ga Maris, 2024

'Yata Kauthar,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya, na karanta ta sau biyu, Innarki ta sa na karanta mata ta uku. Ƙafa da sauƙi, alhamdu lillahi. Kunne kuwa ya huta da surutun duniya. Muna shirin kama azumi gobe ko jibi.

Na ji daɗi da aka ba ki aiki naki na kanki. Tagogi masu kallon juna dabara ce mai kyau, haka tsofaffin gidajen ma'aikata suke, shi ya sa ake barci a cikinsu ko a watan zafi.

Maganar fili kuma. Tsohuwar da ta shekara hamsin tana noma a wuri ta fi safiyon da ya wuni ɗaya. Gwaza ba ya fitowa inda babu damshi. Ni dai abin da zan ce miki ɗaya ne, kuma ki riƙe shi da kyau: kada ki sa hannu a wannan aikin. Ko Oganki zai ɓata rai, ko me zai ce, kada ki sa hannu. Ke yarinya ce, yanzu kika fara, sunanki shi ne duk abin da kike da shi. Waɗanda suka girme ki a aiki suna da inda za su fake in abu ya lalace, ke ba ki da shi.

Innarki ta aiko miki da kuka da daddawa, ta ce na Abuja ba su da ƙamshi.

Kawunki,
Nuraddeen

Ƙari, 17 ga Afrilu: Yau Nazeer ya dawo mini da wannan takarda, wai tana aljihun motarsa tun kafin azumi, motar kuma tana wajen bakanike. Ya haɗo da taki ta biyu. Ban canza komai a abin da na faɗa ba. Daddawar dai mun sake wata. Barka da Sallah.

Karu, Abuja
28 ga Afrilu, 2024

Kawu,

Assalamu alaikum. Barkanmu da Sallah. Saƙo ya iso, a yi wa Inna godiya. Ina lafiya.

Na karanta shawararka. Ban zaci haka daga gare ka ba. Kowa a ofis ya ce mini in cire hannuna in yi shiru, ni kuma ina cewa a raina akwai mutum ɗaya a Funtuwa da ba zai ce haka ba. Na ji, ni yarinya ce. Amma shawarar ta zo a makare, na riga na sa hannuna har kafaɗa.

Mun haƙa ramin. Oga ya ce in tattara kayana in bar ofis ranar Litinin.

Ban san yaushe zan samu zuwa Jabi ba nan gaba.

Kauthar

Funtuwa
2 ga Mayu, 2024

Kauthar,

Wa alaikumus salam. Mu lafiya lau, sai dai takardarki ta hana ni cin abinci. Na sa Innarki ta kira ki sau huɗu, waya ba ta shiga. Mahaifiyarki ta ce kin ce mata kina lafiya, aiki ne ya yi yawa. Wane aiki, alhali an kore ki? Ban gaya mata ba, na bar miki ki faɗa da bakinki.

Ba ki fahimce ni ba, kuma laifina ne. Da na ce kada ki sa hannu, biro nake nufi. Kada ki rubuta sunanki a ƙasan zanen da ya ɗora gini a hanyar ruwa. Ban ce ki yi shiru ba. Ni ne mutum na ƙarshe da zai ce miki haka, kuma ga dalili. Ko Innarki ba ta san wannan ba.

Ina da shekara ashirin da tara aka ba ni ginin azuzuwa uku a wani ƙauye. Ran da muke shata fandisho wani tsoho mai kiwon awaki ya ce mini, "Samari, nan kwari ne, ruwa na bi." Na gaya wa babbanmu sau ɗaya. Ya ce tun yaushe makiyayi ya zama injiniya. Na yi dariya tare da shi don kada ya ga ƙauyancina. Muka gama gini, aka kawo takardar kammalawa, na sa hannu.

Damina ta biyu bangon baya ya zauna, rufi ya biyo shi. Ranar Asabar ce, babu yaro ko ɗaya a ciki. Na je na gani. Bencinan sun karye a ƙarƙashin bulo, allon bango yana tsaye da lissafin ranar Juma'a a jiki. Babu wanda ya tuhume ni, aka ce ruwan shekarar ne ya yi yawa. Shekara arba'in ke nan, har yau in aka yi ruwa mai ƙarfi sai na tuna cewa kwana ɗaya ne tsakani.

Saboda haka in maganar da kika yi ce ta ci aikinki, ba ki yi asara ba. Kuskurenki ɗaya, da kin sake samun Oganki ku biyu kafin taron. Wannan kuwa ana ba da haƙuri a kansa.

Ki zo gida ki huta. Akwai wani da ya yi aiki a ƙarƙashina, yanzu yana da ofis a Zariya, zan je wurinsa da ƙafata. Ki rubuto ko da kina fushi.

Kawunki,
Nuraddeen

Jikwoyi
19 ga Mayu, 2024

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Inna. Ka ci abinci don Allah, ba a kore ni ba. Sai jiya na samu zuwa Jabi na karɓi takardarka, na karanta ta a tsaye a tasha, na nemi benci na zauna na sake karantawa. Ka yafe mini. Ka ce biro, ni na ji wani abu daban. Ni ma da gangan na gajarta tawa don haushi, ban yi tunanin yadda za ka karanta ta ba.

Ga yadda aka yi. Ni da Madam Christina muka sa aka haƙa rami a tsakiyar turakun. Kafin ya kai ƙugu ƙasa ta koma baƙa, tana danƙo, ruwa ya fara tsatsafowa. Ta ɗebi ƙasar a leda ta dire wa Oga a kan teburi, ta ce ita ba za ta yi lissafin fandisho a kan wannan ba. Shi da kansa ya je ya shawo kan shugaban ƙungiya, aka yarda a koma tudu, allon asibiti kuma a kafa shi a bakin hanya. Sannan ya ce mini, "Tunda ke kika jawo, tattara kayanki ki koma filin. Ke za ki tsaya a kan aikin har a gama." Barin ofis ɗin ke nan. Na ba shi haƙuri kan taron, ya ce ya ji.

Yanzu ofishina rumfar kwano ce, waya ba ta kamawa sai na hau tarin yashi. Mun zuba fandisho. Hanyar ruwan ba mu toshe ta ba, mun jera mata duwatsu, muka yi ƙaramin kwalbati inda masu zuwa asibiti za su haye, muka dasa ciyawar jema a gefe don ta riƙe ƙasa.

Maganar da ka gaya mini tana wurina, ba za ta wuce ni ba. Amma in da ni ce, da na gaya wa Inna.

Saura mu ga watan takwas. Shugaban har yanzu cewa yake an wahalar da mutane da hawan tudu a banza.

'Yarka,
Kauthar

Karu, Abuja
1 ga Satumba, 2024

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, kuma masarar bana ta yi kyau. Na samu gajeriyar takardarka ta bayan babbar Sallah. Na yi murna da ka gaya wa Inna, na kuma yi dariya da ta ce ai ta daɗe da sanin akwai abin da ke tayar da kai zaune duk damina. Ka yi haƙuri da shiruna, ban so in rubuto ba sai ina da abin faɗa.

Mun rufa kwano a ƙarshen Yuli, mun dafe ƙasa da siminti, saura ƙofofi da fenti. Duk Agusta ruwa kaɗan-kaɗan ake yi, kwalbatina a bushe. Leburori suka fara kiransa gadar Madam. Na fara tunanin ko na tayar da hankalin kowa ne a kan leda da gwaza.

Ranar Talata da asuba ruwa ya sauko. Har ƙarfe goma bai tsagaita ba. Na kasa zama, na fita. Motoci sun tsaya cak a hanyar Karshi, ɗan acaɓa ya kai ni rabin hanya ya ce shi iyakarsa ke nan. Sauran da ƙafa na ƙarasa, takalmi a hannu.

Kawu, inda muka fara kafa turaku ban ga ƙasa ba. Jan ruwa ne yake gudu, ya wuce gwiwa, ya ɗauko kututturen ayaba da bokitin wani yana juyi da su. Daidai inda ɗakin haihuwa zai kasance ke nan. Na tsaya ina kallo.

Na haye ta kwalbati na hau tudu. Ginin yana tsaye. Na bi ɗaki-ɗaki ina shafa bango da tafin hannu, ina duba kusurwoyi. A bushe suke. Wuri ɗaya kwano ke ɗiga, ƙusa ce ta kauce. Kuskure na gaske a waje na same shi: kwanar magudanar da na zana ta yi matsi, ruwa ya tsallake ya cinye kunya shida na doyar Mama Magdalene.

Ita kanta tana barandar, da mata wajen ashirin daga gidajen gangare da ruwa ya shigar wa, da 'ya'yansu, da tabarmi, da awaki uku. Sun hura gawayi a kasko suna gasa masara. Na je na durƙusa na ce, "Mama, ki yi haƙuri, na ɓata miki doya."

Ta ce, "Ka buɗe wannan kwana, ya yi ƙarami. Zauna, kana jin sanyi." Ta miƙo mini masara.

Da ruwa ya ɗauke na hau tarin yashi na tura wa Oga bidiyo. Ya kira nan take. Ya ce, "Kwanar nan, ki sake zana ta. A kuma gyara wa matar gonarta." Na ce to. Ya ce, "In kin gama, akwai makaranta a Karu. Kafin ki zana komai ki je ki yi hira da maƙwabta." Shugaban ƙungiya ma ya zo da yamma da lema, ya tsaya bakin ruwan ya fi minti goma. Da zai tafi ya ce mini, "Sannu da aiki, Akitek." Bai taɓa kirana da komai ba sai yarinyar Godfrey.

Matan sun kwana biyu a ginin kafin gidajensu su bushe. Da suka tafi, ɗan kwangila ya ga sabon daɓen duk sawun taɓo, na manya da na yara da na awaki, ransa ya ɓaci, ya ce a kawo ruwa a wanke yanzu. Na ce ya bari in ɗauki hoto tukuna. Ga shi nan na wanke maka ɗaya na sa a cikin ambulan.

Ranar ruwan na koma gida bayan la'asar na kwanta, ban farka ba sai da ake kiran magariba. Tun watan Maris ban yi barci irin wannan ba.

Za a buɗe asibitin a Nuwamba in Allah ya kai mu. Tudun taku arba'in ne, ba shi da tsauri, ƙafarka za ta iya. Ka zo da Inna.

'Yarka,
Kauthar